Muryar Inna a Rediyo

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a tarbiyyar da ta taso ciki mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane, ba ta yabonsa ko da shi ya kai ta Makka. Shi ɗin kuwa ya kai ta. Da ta dawo mata suka cika gida ana barka da sauka, wata ta tambaye ta wanda ya biya kujerar. Inna ta gyara zama ta ce, "Wasu bayin Allah ne." Bawan Allahn yana zaure a lokacin, yana raba dabino da zamzam.

Tun da aka yaye shi aka kai shi Mabai wurin kakarmu, can ya girma, can ya yi firamare. Saboda haka in magana ta kama dole, Inna takan ce "na Mabai". In wani yaro a unguwarmu ta Ƙanƙara ya ci sunansa, shi ma ya rasa suna a bakinta, ya koma "mai sunan na Mabai". Ni kuwa da na zo daga baya, sunana har ya gaji a bakinta, galibi a cikin faɗa. Ina ƙarama nakan yi wa Yaya hassada, ina ganin shi ya huta.

Yaya malamin gona ne. Ya yi shekaru yana yawo a kan babur yana koya wa manoma tazarar shuka, suna cewa to, in ya juya baya su yi yadda kakanninsu suka yi. Da ya ajiye aiki ya shiga harkar masara, Allah ya sa albarka. Daga nan sai mutane suka ce ya fito takarar kujerar majalisa da ta haɗa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A ƙasar nan ban taɓa jin wanda ya fito takara da ƙafarsa ba, kullum mutane ne suke matsawa, kuma ban taɓa ganin mutanen ba.

Ya zo neman albarka wata ranar Juma'a. Ina gidan, don aurena bai yi nisa da Inna ba, in na taso daga makarantar da nake koyarwa nakan biya. Ya durƙusa a bakin ƙofa da gemunsa mai furfura, mutum mai jikoki, ya yi bayani tiryan-tiryan. Inna tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Da ya gama sai ta juyo wajena.

"Ki gaya mashi shi ji tsoron Allah."

Na juya na gaya masa, ko da yake ya fi ni kusa da ita. Ya ce amin, ya tashi yana murmushi. A lissafinsa ya sami albarka mai yawa.

Matsalar ta faro daga abokin hamayyarsa. Inna tana da aminiya a Mairuwa, tun suna 'yan mata suke tare, mu duka Hajiyar Mairuwa muke ce mata. Ɗanta ne ya fito a wata jam'iyyar yana neman kujerar nan. Wannan ɗan kuwa, Inna ta goya shi, ta yi masa ɗura, kuma tun da ba ita ta haife shi ba, bakinta a sake yake a kansa. Takan kira sunansa har da kirari. In ya kawo mata goro ƙwarya guda sai unguwa ta ji, in Yaya ya aiko buhun shinkafa sai ta ce a jingine shi can kada ya tare hanya. Mu mun san wannan kara ce, ɗan wani ake nunawa, naka a ɓoye shi.

Da kamfe ya kankama, mutanen Yaya suka bugo atamfa koriya mai hotonsa, fuska bayan fuska, kowace tana murmushi da hula a karkace. Na kai wa Inna turmi guda. Ta buɗe, ta ga abin da ke jiki, ta saki kamar ta taɓa garwashi.

"Mi zan yi da wanga? In ɗaura hoton na Mabai in ratsa gari, a ce tsohuwa ta haukace?"

Ta cilla shi bayan gado. Ban ja magana ba, don na san ba a cin Inna da gardama.

Ana nan sai Hajiyar Mairuwa ta aiko mata da hijabi ruwan ƙasa, da hoton nata ɗan a baya, babba, ga alamar jam'iyyarsu a ƙasa. Wannan kam Inna ta karɓa hannu biyu. Ɗan wani ne, babu kunya a ciki, kuma ƙin sawa cin fuska ne ga amincin da ya girmi 'ya'yan duka. Aka yi suna a Mairuwa, Inna ta zumbula hijabinta ta tafi. Tana tsakiyar mata tana cin waina wani ya ɗauke ta hoto da waya, ɗaya ta gaba don a gane fuskarta, ɗaya ta baya don a ga hoton ɗan takara.

Kafin ta dawo Ƙanƙara hoton ya riga ta isowa.

Akwai wani sojan baka da ɓangaren ɗan Mairuwa suka saya wa fili a gidan rediyo. Sojan baka mutum ne da sana'arsa zagi da yabo, gwargwadon wanda ya biya. Wannan yana da murya mai gardi, kuma ya iya shiru a inda ya dace. Bayan la'asar shirinsa yake zuwa, daidai lokacin da maza suka dawo gona suka baje a dakali. Ran nan ya buɗe da sallama, ya gaida sarakuna da malamai, sannan ya sassauta murya.

"Jama'ar Ƙanƙara, jama'ar Faskari, jama'ar Sabuwa, ni ban ce komi ba. Hoto ne ya yi magana. Mutumen da uwar da ta haihe shi ta sa rigar wani, kai wane ne da za ka rungume shi? Uwa ta san abin da ta haihwa."

Da na ji dariya na yi. Na ce wannan ƙarya ba za ta kwana ba, don babu gidan da ba a san kunyar ɗan fari ba. Shi kansa mai maganar na tabbata akwai wanda uwarsa ba ta kiran sunansa a gidansu. Amma ya maimaita gobe, ya maimaita jibi, kullum da sabon gishiri, sai na ga fuskokin mutane sun fara canzawa. Malaman makarantarmu suka riƙa yin shiru in na shigo ofis. Mai kayan miya ya ƙara mini tattasai yana kallona da tausayi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maigidana. Shi ma ɗan fari ne. Tsohuwarsa "wancan" take ce masa, ranar ɗaurin aurenmu ma barin garin ta yi. Wannan mutumin ne ya shigo da rediyo a kunne, ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Anya kau babu wani abu tsakanin Hajiya da Yaya?"

"Kamar wanda ke tsakaninka da taka tsohuwar?"

"Ai tawa ba a hwaɗa a rediyo ba."

 Haushi ya hana ni cin tuwo ran nan, shi kuwa ya cinye nasa ya ƙara da nawa.

Ba na ganin laifin mutanenmu gaba ɗaya. A shekarun nan da hanya ba ta da tabbas, wayar nan ita ke gaya maka kada ka bi ta wuri kaza yau, ka ƙi bi, ka tsira. Abin da ya cece ka da safe, da wuya ka ƙaryata shi da yamma. Rediyo kuwa tun muna yara ita ce alƙali. Na ga majalisar ƙofar gidanmu ta rabe biyu a kan wani yaƙi da ake yi a wata ƙasa mai nisa, kowane ɓangare yana bayan ƙasar da tasharsa ta fi tausaya wa. Tsofaffi biyu suka daina gaisawa har aka yi girbi, alhali a cikinsu babu wanda zai iya nuna gabas ko yamma ƙasar take.

Labarin Inna ya riƙa ƙiba a hanya. A Ƙanƙara cewa ake sun ɗan sami saɓani. A Pauwa an ce ya hana ta hatsi. Kafin ya kai Faskari Yaya ya sayar da gonarta ya sayi fom ɗin takara. A Sabuwa kuwa, inda ba wanda ya taɓa ganinta, an tabbatar ta ɗaga masa nono a tsakiyar kasuwa, har akwai waɗanda suka rantse a gabansu aka yi. Ita Inna ba ta san ana yi ba. Ba ta da waya mai hoto, rediyonta kuma wa'azi take ji da sanarwar rasuwa. Da na gaya mata, cewa ta yi masu magana ba su da aikin yi, ta ci gaba da sa hijabinta zuwa islamiyya.

Yaya yana da wani mutum mai kula masa da yaɗa labarai, wanda aka ɗauko daga Kaduna. Bahaushe ne, amma irin waɗanda suka tashi a gidan da ake ce wa uwa Momi, ana ɗaukar hoto an rungume ta. Wayoyi biyu gare shi, kuma ko gaisawa yake da kai idonsa yana kan ɗaya. Shi ya ce maganin abin mai sauƙi ne, a naɗo muryar Hajiya tana sa wa ɗanta albarka da sunansa, a saka a rediyo, magana ta ƙare. Na ce masa gara ya je ya tatso nonon bijimi. Ya ce ai ya iya magana da tsofaffi.

Ni aka sa na raka shi. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Ya ajiye waya a gabanta, ya ce ta saki jiki, ta yi magana kamar tana hira da jikokinta.

"Hajiya, ki fara da gabatar da kanki. Ki ce ke ce mahaifiyar wane."

Ya faɗi sunan Yaya ɓaro-ɓaro a tsakar gidanta. Inna ta kau da kai ta kori kaza.

"Ina gaida jama'a," in ji ta. "Ina gaida Hajiyar Mairuwa da ɗiyanta. Allah shi ba mu damina mai albarka. Allah shi kawo mamu zaman lahiya a dajinmu."

"Amin, Hajiya. To batun ɗanki fa?"

"Wane ɗa? Ɗiyan duniya duk nawa ne."

"Wanda yake takara."

Fuskarta ta washe. Ta kama sunan ɗan Mairuwa ta shiga yabo, yadda yake da ladabi tun yana goye, yadda bai taɓa wuce ta bai durƙusa ba. Mutumin Kaduna ya yi sauri ya danne waya. 

"A'a Hajiya, naki na cikinki. Babban."

Inna ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Shi wancan, Allah shi shirya shi."

"Ko ɗan yabo kaɗan, Hajiya. Halinsa, kirkinsa."

"Yaro, sha hurarka kar ta tsinke."

Muka fito da addu'ar damina da yabon abokin hamayya. A zaure ya tambaye ni, tsakani da Allah, ko dai gaskiya ne ba sa shiri. Na ce masa ya koma Kaduna ya tambayi kakarsa.

Ba a yi mako ba sai ga murya a rediyo, a filin ɓangaren Yaya. Muryar tsohuwa ce, tana rawa-rawa, da ɗan tari a tsakiya. Ta ce ita ce mahaifiyar wane. Ta ce wane ɗanta ne, wane hasken idonta ne, tun yana ciki ta san shugaba za ta haifa. Sunan nan da Inna ta yi shekaru tana kewaye shi, matar nan ta riƙa juya shi a baki kamar alewa. A ƙarshe ta fashe da kuka ta ce duk mai ƙaunarta ya dangwala wa wane.

Ni daga jin tarin na gane ta. Wata mata ce da ke tallar maganin basir a gidan rediyon, ita ce kullum take cewa ta yi shekaru ba ta iya zama sai da ta sha kwalba biyu. Amma mutane kaɗan ne suka lura, kuma waɗanda suka lura ba a saurare su ba.

Inna a rediyon maƙwabta ta ji, ta saman katanga, tana shanya kuɓewa. Aka ce tsayawa ta yi da faifai a hannu har aka gama.

Washegari tsofaffin unguwa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, irin shigowar da ake yi gidan mara lafiya. Kowace ta zauna, sannan ta ce, "Sannu Hajiya, ya ƙarhin jiki?" Wata ta kawo rubutu a kwalba. Wata ta ja ni gefe ta ce haka tsufa ya fara wa yayarta, da kiran sunaye, daga baya ta riƙa fita ba ɗankwali, don haka mu riƙa kulle ƙofa. Wata kuma, da dama can ba sa ga maciji da Inna, ta ce ai zamani ne, kowa ya ga kujera sai ya ajiye kunya. Hajiyar Mairuwa ba ta zo ba, ba ta aiko ba, kuma wannan ya fi komai yi wa Inna ciwo.

Ta daina fita. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina leƙa ko zaure. Na same ta a ɗaki da rana tsaka tana kuka, abin da rabona da gani tun rasuwar Baba.

"Ni zan kira sunan ɗan hwari a rediyo? Duniya duk ta ji? Da mi zan kalli mutane? Abin da na riƙe tun ina yarinya, yau an ce na sayar."

Na ce kowa zai gane ƙarya ce. Ta ce ai rediyo ta faɗa. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya taso mini, na ɗauki mayafi na nufi ofishin kamfe.

A can biki ake. Muryar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. 'Yan acaɓa sun mai da ita ƙarar waya, matasa suna turawa junansu suna cewa Allah ya bar mana iyayenmu. Sojan bakan can ya koma zancen taki da hanya, alamar ya rasa ta cewa. Mutumin Kaduna yana tsakiyar ofis ana ba shi hannu. Na tambaya ina Yaya, aka ce yana baya.

Motarsa tana ƙarƙashin dalbejiya, gilashi a rufe, shi kaɗai a ciki. Na zo ta gefe bai gan ni ba. Waya tana hannunsa kusa da kunne, idonsa a lumshe. Ta cikin gilashin ina jiyo muryar matar nan tana cewa wane ɗana ne. Da ta kai ƙarshe ya sa yatsa ya mayar da ita farko. Na tsaya har ya sake mayarwa, sannan na ƙwanƙwasa.

Ya firgita, ya kife wayar a cinya, ya sauke gilashi.

"Yaya, ka san dai ba ita ba ce."

"Na sani. Mai maganin basir ce."

"To mi kake saurare?"

Ya dubi sitiyari. "Ta iya hwaɗin sunan," in ji shi.

Duk faɗan da na ƙunso ya zube. Na yi shekaru ina ganin Yaya ya huta da faɗan Inna, ban taɓa tunanin abin da bai samu ba. Mutum da furfura, da jikoki, yana ɓuya a mota yana sauraron uwar haya. Na ji kunyarsa, na ji tausayinsa, kuma dariya tana so ta kuɓuce mini, duk a lokaci guda. Na buɗe ƙofa na zauna a gefensa, na gaya masa halin da Inna take ciki, da rubutun kwalba, da masu cewa a kulle ƙofa, da shirun Hajiyar Mairuwa.

"Ba da sanina anka yi ba," in ji shi. "Sai da ta hita na ji."

"Yanzu ka sani."

"In na ƙaryata, kujerar ta tahi."

Na ce na sani.  Na fita na bar shi da wayarsa.

Kwana biyu bayan haka, a filin da ake saka muryar, sai aka ji Yaya da kansa. Mutumin Kaduna ya rubuta masa jawabi a kan noma da tsaro, aka ce ninke takardar ya yi ya sa a aljihu. Ni ina tsakar gidan Inna, na ƙure rediyo don ta ji daga ɗaki.

"Jama'a, muryar da kuka ji ba ta mahaihiyata ba ce. Haya anka yi, kuma da sunana anka yi, don haka laihina ne. Mahaihiyata ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haihe ni. Ba ta taɓa yabona gaban kowa ba. Ba kuma za ta hwara ba saboda ƙuri'a. Hijabin da kuka gani kara ce ta yi ma aminiyarta, kamar yadda iyayenku ke yi. Ina ba ta haƙuri. Duk wanda zai zaɓe ni saboda waccan murya, shi riƙe ƙuri'arshi."

Mai gabatarwa ya saka kiɗa.

Washegari sojan baka ya dawo da ƙarfinsa. Ya yanko wurin da Yaya ya ce ba ta taɓa yabona ba, ya riƙa sakawa yana cewa, "Kun dai ji da bakinshi." Matasan da suka yi kuka da muryar bogi suka ji an yi wasa da hawayensu, suka juya baya. Mutumin Kaduna ya haɗa wayoyinsa ya tafi ba sallama. Maigidana ya ce shi dama tun farko ya san babu komai, na ce Allah ya ƙara basira.

Tsofaffin unguwa kuwa suka dawo, wannan karon da guɗa a baki. Mai rubutu ta karɓi kwalbarta. Hajiyar Mairuwa ta zo da kanta da ƙwaryar goro, suka shige ɗaki suka daɗe. Na jira in ji abin da Inna za ta ce game da ɗan da ya zubar da kujera don mutuncinta. Da baƙi suka watse ta fito ta ɗauki tsintsiya.

"Na Mabai surutu ya yi mashi yawa," in ji ta.

Ranar zaɓe ta sa hijabinta ruwan ƙasa ta nufi rumfa. Jami'ai suka ce ba a shiga layi da hoton ɗan takara, ta juya shi ciki ya koma waje, ta dangwala abinta ta dawo. Ban tambaye ta wa ta zaɓa ba, don na san amsar ba za ta wuce bayin Allah ba. Da sakamako ya fito, Yaya bai ci ba. Ɗan Mairuwa ma bai ci ba. Wani na uku ne ya haye, wanda duk tsawon rigimar ba a taɓa jin ko yana da uwa ba.

Yaya ya zo gaida Inna washegari da azahar. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya durƙusa a inda ya saba, a bakin ƙofar tsakar gida. Inna tana kan kujera 'yar tsugune tana alwala, ta ba shi gefe, hijabin nan yana jikinta don ta dawo daga barka ke nan. Ya gaishe ta, ta amsa wa buta. Ta wanke fuska, ta wanke hannuwa. Da ta zo shafar kai sai ta ture hijabin baya ya faɗa kafaɗa.

Ɗankwalin da ke ƙasa kore ne. An ninke shi an ɗaure tam, amma a daidai goshinta ana ganin ido ɗaya da kunne da rabin hula a karkace. Ya koɗe saboda wanki. Bakinsa ɗinkin hannu ne, irin na Inna, manya-manyan taku, don ba za ta kai wa tela ya gani ba. Ban taɓa ganinsa a kan igiyar shanya ba, ashe a ɗaki take shanya shi.

Daga baya na nemo hoton Mairuwa a wayata na buɗa shi sosai. A gefen goshinta, inda hijabin ya ɗan zame, akwai siririn layi kore. Hoton ya zaga ƙananan hukumomi uku, ba wanda ya duba wurin, har da ni.

Amma a lokacin Yaya nake kallo.  Inna ta ji shirun ya yi yawa, ta waigo, ta ga inda idonsa yake. Ta yi wuf ta janyo hijabi ta rufe kai, ko shafar ba ta gama ba.

"Mi ake kallo?" Ni ta tambaya, da faɗa. "Tsumma ne na samu bayan gado. A bar shi ɓera shi ci?"

 Ta ƙarasa alwala da sauri, ta miƙe, ta kama hanyar ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ki zubo ma na Mabai dambu. Ki sa mai da yawa. Ba ki ga yadda ya koma ba?"

Na zubo na ajiye a gabansa. Ya sunkuyar da kai yana ci, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ban kuma leƙa ba. Ya cinye tas, ya miƙo kwanon ya ce in ƙara.